Ina ungulayen kwata suka shiga?

Malam Sani:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun jiya. Na ɗauki ƙaramin ɗana muka je kwata wajen ƙanin mahaifina, da yake mu gidan fawa ne kaka da kakanni. Muna tsaye ana fiɗar sa, sai wani dattijo ya tsokani wani dillali da ke ta kai-kawo, ya ce masa ungulu ba kya jewar banza. Yaron ya ja mini riga ya ce, Baba mece ce ungulu? Na ɗaga kai zan nuna masa. Wallahi ko ɗaya babu. Ga rufin kwano, ga katanga, tsohuwar tsamiyar ma tana nan, amma daga hankaki biyu sai shirwa. Shekararsa 11 bai taɓa ganin ungulu ba.

Ina kamarsa, aikina ke nan a kwatar nan: a ba ni sanda in tsare kayan ciki. Tahowa suke da ƙafa kamar kaji, kai a sanƙo, ka ɗan juya baya sun fizge hanji daga cikin daro. Na sha mari a kan haka. To ina suka shiga? Kuma yaushe suka tafi ba mu lura ba?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam. Malam Sani ai abin a bayyane yake. Da can jini da tumbi a fili ake zubarwa. Yanzu ko ƙashi da ƙaho sayarwa ake yi, jinin ma masu kiwon kaji suna saye. Tsuntsun da ba ya jewar banza me zai zauna yi? Sun koma daji inda akwai mushe.

Nura:
Alhaji ranka ya daɗe, da a ce dajin suka koma da da sauƙi. Dajin ne ma ya riga gari rasa su. Akwai wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota, yana tafiya a hankali, duk tsuntsu mai farauta ko mai cin mushe da ya gani sai ya rubuta. Tafiyar ta haura kilomita 8,000. Bayan shekara 30 da 'yan kai ya sake bin hanyoyin nan, shi da kansa, a irin lokacin da ya bi su da farko, da irin ƙirgen da ya yi. Manyan ungulaye na daji, irin su maiki, sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun dajin da ake tsaro. Ƙaramar nan ta gari da Malam Sani yake kora da sanda ta ragu da kusan rabi a lokacin. Ya buga sakamakon a 2006. Zuwa 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ita ma ta garin a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa.

Abin da ke burge ni a aikin mutumin nan shi ne babu wata na'ura mai tsada. Mota, littafi, biro, da haƙurin komawa. Da bai yi ƙirgen farko ba, da yau ni da Alhaji sai dai mu yi ta musu, kowa da abin da ya tuna.

Alhaji Garba:
To na ji, sun ragu. Allah ya raka taki gona. Mutane na fama da tsadar masara da rashin tsaro, mu zauna muna makokin ungulu?

Anti Binta:
Kai Alhaji! Ni dai na fi son in ji amsar kafin in yi dariya. Dakta kina kusa?

Dakta Hadiza:
Ina nan Anti, yanzu na fito daga kasuwar shanu. Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma akwai ƙasar da ta riga ta ba da amsa, ba da son ranta ba.

Indiya tana da shanu da yawa, kuma yawancin mutanenta ba sa cin naman sa. In saniya ta mutu a cire fata a kai mushen bayan gari, ungulaye miliyoyi su share shi kafin rana ta yi nisa. A shekarun 1990 sai aka fara ganinsu zaune a bishiya wuya a sunkuye, kwana kaɗan su faɗo matattu. Wani nau'i guda ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 daga 1992 zuwa 2007. Wato a cikin kowace 1,000 ɗaya ta rage.

An daɗe ana lalube. Wasu suka ce annoba ce, wasu suka ce maganin feshi ne, wasu suka ce yunwa, irin maganar Alhaji. Yunwa dai ta faɗi da wuri, don ga mushe nan jibge babu mai ci. Sai wani likitan dabbobi Ba'amurke, Lindsay Oaks, da abokan aikinsa suka riƙa tsinto gawarwakin a Pakistan suna feɗewa. Suka ga wani farin abu kamar alli ya lulluɓe kayan cikinsu, alamar ƙoda ta daina aiki. Suka yi ta neman ƙwayar cuta ba su samu ba. Daga nan suka juya tambayar: wane magani ake ba shanun da tsuntsayen nan ke ci? Suka bi shagunan maganin dabbobi suna tambaya. Nan suka ci karo da diklofenak, maganin ciwon jikin nan da kowa ya sani, wanda ake yi wa shanu allurarsa. Duk ungulun da ke da farin abin nan an samu maganin a jikinta, waɗanda wani abu daban ya kashe kuwa babu. Suka ba wasu naman dabbar da aka yi wa allurar, suka mutu da irin ciwon. A 2004 aka buga wannan a mujallar Nature.

Wani lissafi da ya biyo baya ya nuna mushen da ke ɗauke da maganin ko 1 cikin 100 ba sai ya kai ba, ya isa ya yi wannan ɓarna, saboda taron dangi suke yi wa mushe guda. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin a jikin dabbobi.

Yanzu ga amsarka Alhaji. Da ungulu ta kau, karnukan titi suka gaje mushen suka yi yawa, ga ciwon haukan kare, ga ruɓaɓɓen nama yana gurɓata ruwa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa mutum kusan 500,000 ne suka ƙaru a kan masu mutuwa tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan.

Alhaji Garba:
Dakta, da girmanki. Rabin miliyan? Wa ya bi kaburbura ya tambayi kowa ko rashin ungulu ne ya kashe shi?

Dakta Hadiza:
Babu wanda ya bi, shi ya sa na ce ƙiyasi. Gundumomin da asali suke da ungulu da yawa suka kwatanta da waɗanda dama ba mazauninta ba ne, kafin maganin ya yaɗu da bayan ya yaɗu. Kafin nan mace-macen ɓangarorin biyu tafiya ɗaya suke, bayan nan na masu ungulu ya ɗaga. Kana iya jayayya da adadin, masana ma suna yi. Amma ga wanda aka gani da ido: a Kenya, Darcy Ogada da abokanta sun ajiye mushe a daji, wani suka bar ungulu ta ci, wani suka hana ta. Wanda aka hana ta ya ɗauki kusan ninki 3 na lokaci kafin ya ƙare, kuraye da diloli da ke zuwa kansa ma suka ninka kusan sau 3, suna ta gogayya da juna. Ni da nake aikin dabbobi na san abin da wannan gogayya ke nufi wajen yaɗa cuta. Ita kuwa ungulu ruwan cikinta yana da kaifin da ƙwayoyin cuta da yawa ba sa fitowa da rai.

Mustafa:
To ai magana ta ƙare. Diklofenak ɗin nan har a tire ake tallarsa a tasha. Gwamnati ta hana shi kawai, ungulu ta koma gidanta na tsamiya.

Nura:
Yaya Mustafa, nan ne fa ake yin kuskuren. Maganin Indiya ne wannan, ciwonmu daban. Ita Ogada ɗin da wasu masana da dama sun tattara bayanan mutuwar ungulu 7,819 daga ƙasashen Afirka 26. Kashi 61 guba ce, kashi 29 cinikin sassan jikinsu don magani da tsafi, kashi 9 wayoyin lantarki. Gubar ma iri-iri ce. Akwai makiyayin da kura ta kashe wa sa, ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen don ya rama, ungulu ta riga kurar zuwa. Akwai masu harbin giwa da ke sa guba da gangan, don jewar ungulu a sama tana tona musu asiri wajen ma'aikatan daji. A Botswana a 2019 ungulu 537 suka mutu a kan mushen giwa 3. In ka hana diklofenak ka koma gida ka kwanta, ka yi wa mai ciwon ciki ɗaurin karaya.

Dakta Hadiza:
Haka ne, amma kada a wanke shi tas. An gwada shi a kan wata babbar ungulun Afirka mai farin baya, ita ma yana kashe ta. Kuma ni da idona na sha ganin makiyayi ya sayo na mutane ya ɗirka wa saniya. Akwai wani maganin ciwon jikin, meloksikam, an gwada an ga ba ya cutar da ungulaye, shi nake rubutawa.

Isuhu Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Bari in kawo muku wadda ta faru a wajenmu. Akwai wata farar ungulu mai ƙaura, da ake kira ungulun Masar, tana hayayyafa a Turai ta zo cin rani Sahel. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka ɗaura wa wani ɗan tsako na'ura a baya mai nuna inda yake ta tauraron ɗan'adam, suka sa masa suna Paschalis. Ya tsallake teku, ya tsallake Sahara, ya sauka kudancin Nijar. Farkon 2014 sai suka ga tsuntsu ya daina tafiya irin ta tsuntsu. Aka tura mutane daga Nijar da Najeriya suka bi sawu har ƙauyuka. Ashe wani maharbi ne da ke shigowa daga Najeriya ya kashe shi, kuma sana'arsa ke nan, yana kai wa masu saye. Tsuntsun da bai shekara ba.

Ba gori nake yi ba 'yan uwa, amma mu nan in an ga baƙo yana tambayar inda ungulu ke kwana, an san kasuwar da za ta.

Mustafa:
Bokaye ke nan. A kama su kawai.

Bala:
Na yi shiru ne ina karantawa, amma Mustafa ka taɓo ni. Mahaifina mai ganye ne, shekara 40 yana shimfiɗa a kasuwa, ni na taso ina daka masa saiwa. Bai taɓa ajiye kan ungulu ba. Ba zan ce babu masu yi ba, layinmu ma akwai, na gani an jera kawuna sun bushe, ana cewa na farin jini ne, ko na ganin abin da ke ɓoye, ko na cin takara. To amma wa ke saye? Talaka mai ciwon shawara? Wanda ke zuwa da mota mai baƙin gilashi ya aiko yaro, shi ne. Ku kama tsoho mai tabarma, gobe mai motar ya ninka kuɗin, wani ya tafi Chadi ya kawo. Tun da tsuntsun ya yi wuya kuɗinsa ya hau, da kuɗin ya hau masu nema suka ƙaru.

Mustafa:
Allah ya huci zuciyarka Bala, ban yi nufin Baba ba.

Nura:
Maganar Bala ta yi daidai da abin da aka samu da aka bi kasuwannin arewa ana hira da masu sayarwa: kayan da yawa daga Nijar da Chadi da Benin da sauran maƙwabta suke shigowa, don na gida sun yi ƙaranci. Wani binciken na Ralph Buij da abokansa a kan kasuwannin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya nuna Najeriya ce kan gaba nesa ba kusa ba, Benin na biye. A Gini Bisau kuwa a 2020 an kashe irin ta garin nan sama da 2,000 da guba, da yawa an same su babu kai. Ku haɗa wannan da cewa ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa. Kaza ce za ka yanka goma ta mayar maka a wata uku, ba ungulu ba.

Malam Sani:
Har naman fa an ce ana gasawa a sayar. Ashe ungulu da kan zabo ba karin magana ba ce kawai. Daga yau in zan sayi gasasshen zabo a hanya sai an nuna mini ƙafa.

Anti Binta:
Malam Sani ka sa na fasa cin abincin dare. Nura, ni tambayata ta malaman makaranta ce. Na ji ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta zauna da masu maganin gargajiya a kan su koma amfani da itatuwa maimakon sassan ungulu. Abu ne mai kyau. Amma ni na sha zuwa taron wayar da kai. A raba riga da hula, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a rubuta cewa mutum 200 sun waye. In na koyar da darasi jarrabawa nake yi. Mece ce jarrabawar wannan?

Nura:
Anti kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yawan waɗanda suka zo taro ba sakamako ba ne. Abin da suka faɗa da baki bayan taro ma ba shi ba ne, don kowa ya ci shinkafarka zai gaya maka abin da kake son ji. Jarrabawar ita ce a ƙirga kawunan da ke kan shimfiɗa kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan shekara, a kuma ƙirga a wata kasuwar da ba a yi taron ba, don a san ko taron ne ya yi aiki ko kuwa dama kayan ne suka yanke. Sannan a duba farashi.

Bala:
Ƙirgen kan shimfiɗa zai yaudare ku. In an san ana dubawa, cikin buhu ake sawa a ƙarƙashin benci. Sai ka zo a matsayin mai saye.

Dakta Hadiza:
Bala, abin da aka yi a Indiya ke nan, kuma shi ne ɓangaren labarin da aka fi mantawa. Ba su tsaya murnar doka ba. Suka riƙa tura mutane shagunan magani kamar masu saniya marar lafiya, su ga me za a miƙo musu. Suka riƙa yankar hantar mushe suna aunawa. Sai suka gano an daina yin na dabbobi, amma ana sayar da manyan kwalabe na mutane ana yi wa shanu. Da wannan hujja aka koma wa gwamnati, a 2015 ta taƙaita kwalbar allurar mutane zuwa mililita 3, yadda sai ka fasa da yawa kafin ka ishi saniya. Shekara 9 tsakanin doka da toshe ƙofar baya. Da ba a ci gaba da aunawa ba, da takarda ta ce an gama, tsuntsu yana ta mutuwa.

Nura:
Akwai ma wani shiri a Jami'ar Kambirij ta Ingila da Farfesa William Sutherland ya jagoranta, suna tattara duk dabarar kare halittu da aka taɓa gwadawa, su rubuta wadda ta yi aiki, da wadda ba ta yi ba, da wadda ma ɓarna ta ƙara. Kyauta yake a intanet. Dalilin kafa shi kuwa shi ne sun lura yawancin masu aikin daji da abin da suka gada da abin da suka ji a bakin abokin aiki suke amfani.

Alhaji Garba:
To ni dai har yanzu ban janye maganata duka ba. Rimin da ke bakin kasuwarmu, wanda suke kwana a kai, an sare shi an yi shaguna. Maɗatan hanyar gari duk sun tafi gawayi. Ko babu mai kashe ta, a ina za ta yi sheƙa? A kan eriyar waya?

Nura:
Wannan kam ba a ja da kai Alhaji. Dogon itace take so, rimi, maɗaci, kuka, giginya, kuma takan koma sheƙa guda shekara da shekaru. Abincin ma da ka faɗa da farko yana cikin lissafi. Abin da na ƙi shi ne a ce sun ƙaura suna can lafiya. Kuma wanne ya fi ƙarfi a garinku, sara ko guba ko maharba, ba za a sani daga Botswana ba. Sai an duba a nan. Muna da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, tana horar da ɗalibai, kuma akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da 'yan sa-kai ke tura abin da suka gani ta waya. Amma ɗalibi ba zai fi mahauci sanin abin da ke sauka a kwata ba.

Malam Sani:
To ga shawara. Mu a nan akwai mahauta, akwai mai zuwa kasuwar shanu kowane mako, akwai direbobi. Kowa ya zaɓi wuri guda, ranar kasuwa, da hantsi, ya tsaya minti 30 ya ƙirga. Mu riƙa turowa nan.

Nura:
Madalla. Sharaɗi biyu: wuri ɗaya da lokaci ɗaya kullum, kuma ranar da ba ka ga komai ba ka rubuta sifili ka turo. Mutane sun fi son turo ranar da suka gani, sai lissafin ya karkace. A kuma bambanta ta da shirwa don Allah, shirwa wutsiyarta a rabe take.

Isuhu Damagaram:
Ni zan ɗauki tamu kwatar. Akwai kuma wata kuka a hanyar ƙauyenmu da nake ganin sheƙa a kai, bari in je in ɗauko hoto in sa muku da sunan wurin.

Bala:
Isuhu kada ka sa! Mu nawa ne a zauren nan, ka san kowa? Masu neman nan su ma suna da waya, suna Facebook. Adadi a turo nan, amma wurin sheƙa a tura wa Nura shi kaɗai.

Isuhu Damagaram:
Wallahi ban kawo wannan ba. Na fasa.

Alhaji Garba:
Ku sa ni a ranar Laraba. Dama ina zama a rumfar wani abokina daura da mayanka. In na turo muku sifili sau goma kada wanda ya ce barci nake.

Malam Sani:
Na kira Baffa yanzu. Ya ce rabonsa da ganinta a kwatarmu tun kafin a yi sabon rufi, amma wani mai kawo musu shanu ya gaya masa akwai inda yake ganin guda 4 ko 5 in an yi yanka. Nura duba saƙonka, na tura maka sunan garin. In ka shirya zuwa ka gaya mini, yaron ya ce sai an tafi da shi.